Inda Fuskar Inna Take Kallo

A makarantarmu ta 'yan mata da ke Gaya kujerata tana jikin taga, shi ya sa rabin abin da aka koya mana ya wuce ni. Malami yana gaba yana bayani, ni idona yana waje, ina bin inuwar darbejiya yadda take jan jiki a ƙasa, ko ina kallon tattabarun wani gida suna zagaye sama. Lissafi kuwa ban ƙi shi ba, ban kuma so shi ba. Muna dai gaisawa daga nesa, kamar maƙwabtan da ba sa shiga gidan juna.

Darasi guda ne ya same ni a inda nake, domin ta tagar tawa ya shigo. Malamarmu ta lissafi doguwar mace ce mai sanyin magana, ba ta duka, ba ta kuma ɗaga murya. Ran nan ta tako har kujerata, ta kama marfin tagar, na ƙarfe ne mai koren fenti, ta ce mu dubi bangon. Bango miƙaƙƙe ne, in ji ta, daga wannan hannu zuwa wancan digiri ɗari da tamanin ke nan. Sai ta tura marfin waje kaɗan. Kusurwa biyu suka fito, ƙarama tsakanin marfin da bakin taga, babba tsakanin bayan marfin da bango. Ta ƙara turawa, ƙaramar ta buɗe, babbar ta tsuke.

"Abin da wannan ta samu, waccan ce ta ba ta," ta ce. "Ku haɗa su a duk inda na tsayar da marfin, ɗari da tamanin za ku samu."

Daga nan ta koma gaban aji, ta ɗora rula a lungun allo, ta raba shi gida biyu. Lungun allo casa'in ne, don haka gidajen nan biyu casa'in suke rabawa. In ɗaya ya ci talatin, ɗayan sittin ya rage masa. Sunayensu na Turanci dogaye ne, kuma sun yi kama da juna, 'yan ajinmu suna yawan musanya su a jarrabawa. Ni a raina na riƙe su da masu cika casa'in da masu cika ɗari da tamanin.

Ranar na fara duban ma'aunin kusurwata da kyau, rabin watan robar nan da yake zuwa cikin gwangwanin kayan lissafi. Layin lambobi biyu ne a jikinsa, ɗaya yana hawa ɗaya yana sauka. Goma tana zaune a kan ɗari da saba'in, arba'in a kan ɗari da arba'in. Na ɗaga hannu, abin da ban saba yi ba, na tambayi dalili. Malama ta ce saboda wani daga dama yake tahowa, wani daga hagu, kuma dukansu suna buƙatar a ba su lamba. Na ji daɗin amsar kamar yadda nake jin daɗin baitin waƙa. Ban ɗauka zan taɓa amfani da ita ba a wajen takardar jarrabawa.

Kakana, mahaifin babana, a Toranke yake, cikin ƙasar Ajingi. Manomi ne, gero da dawa da gyaɗa. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ta rasu shekara guda kafin abin da zan faɗa. Bai yi kuka a gaban kowa ba, amma rigunansa sun yi masa yawa. A ƙofar gidansa akwai ɗan masallacin ƙasa da ya gina da hannunsa tun yana da ƙarfi, sahu biyu yake ɗauka in an matsa. Daminar da ta biyo bayan rasuwar Inna ta cinye masa bango guda. Babana da ƙannensa suka yi shawara a rushe shi a yi na bulo. Na ji Baba yana gaya wa mahaifiyata cewa ba masallacin kaɗai suke son tayarwa ba, so suke tsohon ya sami abin da zai riƙa fita yana dubawa.

Kula da aikin ya faɗo kan yayana. Adaidaita yake tuƙawa tsakanin Gaya da ƙauyuka, don haka shi yake kai siminti da rodi. Ya gama sakandare, yana da son ya ga abu ya tafi daidai, irin mutanen da suke goge takalmi kafin su shiga gona. Da aka yi hutun bazara ya ɗauke ni muka tafi, in taya matan gidan girkin ma'aikata. Mun bi ta Ajingi ran kasuwa, na zauna a baya tsakanin buhun siminti da wata tsohuwa mai kaji biyu a ɗaure, zafi yana tashi daga titi kamar ana suya.

Muna isa na tarar da Kaka a zaure. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, ni da shi kuwa mun yi nisa a cikinsa.

"A'a, ga amaryata. Me kika kawo wa mijinki daga birni?"

"Ni yaushe na ce ina son miji marar haƙori?"

"Haƙoran ai a wajen ɓare miki gyaɗa suka ƙare."

"To a nemo wasu, in ba haka ba na fasa."

Ya yi dariya har da tari. Na ji daɗi, don an ce ya daɗe bai yi ba.

A lokacin an riga an rushe tsohon masallacin, an baje ƙasarsa, filin ya zama fayau. Babu ko alamar inda mihirabin yake, wato ɗan lungun da liman yake tsayawa. Yaya ya ce tun da sabo za a yi, a nemi alƙibla ta gaskiya, kada a yi kintace irin na da. Ya sa wata manhaja a wayarsa, ta ba shi lamba: sittin da takwas. Akwai kibiya a jiki da ya kamata ta riƙa juyawa tana nuna hanya, amma wayar tasa ƙarama ce, ba ta da abin da yake juya kibiyar. Ko ya yi rawa da ita, kibiyar tana nan inda take. Lambar kaɗai ya samu.

Bai karaya ba. Ya kafa sanda a tsakiyar filin da hantsi, ya riƙa sa tsakuwa a bakin inuwarta har rana ta karkata, ya fitar da layin gabas da yamma. Ya aiko a karɓar masa ma'aunin kusurwata, don duk inda na je da gwangwanina nake tafiya. Ya ɗora shi a kan layin, ya ƙirga sittin da takwas daga gabas yana yin arewa, ya ja igiya, ya kafa turaku. Sannan ya zuba toka a kan layukan yadda ake yi kafin a haƙa harsashi.

Da la'asar dattawan unguwa suka taru sallah a ƙarƙashin bishiya, inda suke yi tun da aka rushe masallacin. Ni ina daga cikin gida ina tsince shinkafa a jikin dangar kara, ina jin komai, ina kuma gani ta tsakanin kararen. Bayan sun sallame suka zo suka kewaye tokar.

"Kai, mai adaidaita," wani tsoho mai ƙaton rawani ya ce, "wannan masallacin na masu zuwa Damagaram ne?"

Aka kwashe da dariya.

"Baba, ba ni na faɗa ba," Yaya ya ce. "Na'ura ce. Da tauraron ɗan'adam take aiki."

"To tauraron nan ya sha rana. Ni da na je Makka, jirginmu gabas ya yi."

"Kai da ka yi barci tun daga Kano?" wani ya ce masa. "Daga bakin matarka aka ji labarin hanyar."

Birkilan da zai yi ginin yana gefe yana cin goro. Aka tambaye shi ra'ayinsa, ya ce shi inda aka zuba toka nan yake haƙawa, in an ce ya kalli Legas ma zai gina.

Kaka kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya tsaya a bayan layin, ya dogara da sandarsa, ya daɗe yana kallon inda igiyar ta nufa. Kusan arewa ta nufa, ta bar gabas can a hannun dama.

"Ka tabbata?" ya tambayi Yaya.

"Kaka, duk duniya da wannan ake amfani yanzu."

Kaka ya gaya wa birkilan kada a taɓa ƙasa tukuna, ya shige gida.

Tuwon da aka kai masa ya dawo yadda aka kai shi. Da safe na kai masa koko da ƙosai, na same shi zaune a kan buzunsa, carbi a hannu amma ba ya ja. Na jefa masa wasa, na ce in bai ci ba zan kai wa wani saurayin. Ya ci gaba da kallon ƙasa. Na durƙusa na ajiye kwanon a gabansa.

Can ya ce, "Sallolina ba su dame ni sosai ba. Na yi da iyakar sanina, Allah kuma Mai gafara ne. Innarku ce."

Na ɗago.

"Ni na shiga ramin da kaina. Ban bar wa kowa ba. Na kwantar da ita a kan hannun dama, kai kudu, na juya fuskarta gabas, na gyara mata da hannuna. In alƙibla can take," ya nuna arewa da haɓa, "to na ajiye ta tana kallon wani wuri daban. Mai rai in an ce masa ya karkace, sai ya gyara tsayuwa. Ita wa zai gyara mata?"

Kokon ya yi sanyi a gabanmu, fata ta kwanta a kansa.

Limamin unguwa ya zo da hantsi, don labari ya kai masa. Na ji yana ba shi haƙuri a zaure, yana cewa wanda yake nesa da Ka'aba ba a ɗora masa ya saita ta kamar mai harbi ba, ya fuskanci nahiyarta ya wadatar. Kaka ya ce ya ji, ya gode. Bayan liman ya tafi sai na ji Kaka yana cewa, shi kaɗai, "Nahiyar ma ai ba ita ba ce." Gaskiyarsa kuwa. In igiyar Yaya ce daidai, gabas da alƙibla sun yi hannun riga.

Yinin nan na yi shi hannuna yana aiki, raina yana wani wuri. Ina jajjaga kayan miya ina tuna taswirar da take rataye a ɗakin karatunmu. Ga Najeriya, ga Chadi a damanta, ga Sudan, ga Bahar Maliya kamar an tsaga takardar da reza, ga Makka a hayinta. Sama take da mu kaɗan, amma kaɗan ɗin ne. Na kuma tuna labarin da Inna take ba mu na kakanta da ya tafi hajji a ƙasa, ta Chadi da Sudan ya bi, ba ta Agadas ba. Waya ba ta cika ƙarya a lamba ba, taswira ma haka, mutanen da suka taka hanyar da ƙafarsu ma haka. To ina aka rabu?

Da yamma na sami Yaya a bayan gida yana wanke adaidaitarsa. Na ce ya ara mini wayar in gani. Ya miƙo da jiƙaƙƙen hannu. Da'ira ce a fuskar wayar, da lambobi kewaye da ita. Na nemi inda sifiri yake. A can sama yake, a kan alamar arewa. Gabas tana gefen dama, an rubuta mata casa'in.

Tsakanin arewa da gabas lungu ne, irin na allo. In an ci sittin da takwas daga arewa, ashirin da biyu ne suka rage a kai gabas.

"Yaya, daga ina ka fara ƙirgawa?"

"Daga gabas mana. Daga ina ake farawa?"

Na daɗe ina juya wannan amsa tasa, har yau ma. Ba sakaci ya yi ba. A wurinmu komai daga gabas yake farawa. In an ce mutum ya kalli gabas, sallah ake nufi. Rago gabas ake juya shi kafin a yanka. Mai gina banɗaki sai ya fara neman gabas don ya kauce mata. Jariri da gawa duk da ita ake lissafinsu. Arewa kuwa gefe ce kawai, hannun hagun mai sallah. Waɗanda suka ƙera wayar su daga arewa suke farawa, ba su kuma ga dalilin faɗa ba, don a wurinsu kowa ya sani. Shi ma Yaya bai ga dalilin tambaya ba.

Na ce masa, "Wayar daga arewa take ƙirgawa."

Ya matse tsumman hannunsa yana murmushi. "Ke da sai an kira ki sau uku kafin ki dawo duniya, ke ce za ki gyara wa tauraro zance?"

"Tauraron bai yi kuskure ba. Duba nan."

Na tsuguna na zana lungu a jiƙaƙƙiyar ƙasar da tsinke, hannu ɗaya arewa, ɗaya gabas. Na ja layin da ya ja, na ja wanda ya kamata. Suka fito kamar mutum da hotonsa a madubi, ɗaya ya jingina da arewa, ɗaya ya jingina da gabas. Ya karɓi wayar ya duba sifirin, ya dubi ƙasa, ya sake duban wayar. Ruwan sabulu yana gangarowa yana cin zanen nawa.

"Inna lillahi," ya ce a hankali. "Na hana tsohon nan cin abinci a banza."

Ya zauna a bakin adaidaitar. Na san abin da yake gani, mai ƙaton rawani da dariyarsa. Na ce masa ba sai kowa ya ji daga bakina ba, ya je ya ce ya sake dubawa.

"Su wannan mai sauƙi ne, su yi ta dariya, dama sun saba," ya ce. "Kaka ne. Na ce masa na tabbata. In na koma na ce yanzu kuma ga wata tabbatacciyar, me zai sa ya yarda? Ke ce matarsa, ke yake ji. Ki nuna masa yadda zai gani da idonsa."

Washegari da hantsi, lokacin da maza suka watse ƙofar gida ta yi shiru, na sa hijabina na ɗauki tabarma. Yaya ya riƙo hannun Kaka muka fita filin. Tsakuwan da ya jera suna nan. Na shimfiɗa tabarmar, na daidaita bakinta guda da layin tsakuwan, ya miƙe gabas. Ɗaya bakin ya miƙe arewa da kansa.

"Amarya, shimfiɗa kika yi mini a rana?" Kaka ya ce. Muryar ba ta da ƙarfi, amma na ji daɗi da ya gwada.

"Ara mini sandarka, tsoho."

Ya ba ni, ya dafa kafaɗar Yaya. Na ɗora gindin sandar a lungun tabarmar, na kwantar da ita ta raba lungun biyu.

"Kaka, wannan lungun gaba ɗayansa casa'in ne a lissafin 'yan boko. Daga wannan bakin na arewa zuwa wannan na gabas. Duk inda na ajiye sandar, ta raba shi kaso biyu. In wannan ya ƙaru, wancan ya ragu."

"Kamar gonar gado," ya ce.

"Kamar ita. Waya ta ce a ba da sittin da takwas. Ba ta yi ƙarya ba. Amma kason arewa take nufi. In an ba arewa sittin da takwas, nawa ya rage wa gabas a cikin casa'in?"

Ya motsa leɓe, yana taɓa gaɓoɓin yatsunsa yadda yake yi in yana ƙirga damman gero.

"Ashirin da biyu."

"To Yaya ya ba gabas kason arewa, ya ba arewa kason gabas."

Na juya sandar ta bi igiyar Yaya, ta kusa manne wa bakin arewa. Sannan na ɗora ma'aunina a lungun, na dawo da ita a hankali har ta tsaya a kan ashirin da biyu daga gabas. Kaka ya bi ta da ido tana tafiya. Da ta tsaya ya saki kafaɗar Yaya, ya zagayo bayan tabarmar, ya sunkuya da ƙyar ya kalli inda bakin sandar ya nuna. Can nesa, bayan gonakin da aka share ana jiran ruwa, akwai wata giginya ita kaɗai a bakin sama. Sandar ita ta nufa.

"Sake yi," ya ce.

Na sake, tun daga farko. Ya sa Yaya ya nuna masa sifirin a waya, ko da yake ban san abin da ya gani a ciki ba. Ya tambaye shi ko yanzu ya yarda da maganar ƙanwarsa. Yaya ya ce ya yarda, shi ya juya lissafin, a yafe masa.

"Kai dama tun kana yaro hagu da dama suke ba ka wahala," Kaka ya ce. "Takalmi ma a juye kake sa shi."

Ya sake duban giginyar. Ya miƙa hannunsa gaba, ya ware tafinsa, ya rufe ido ɗaya.

"Tsohon mihirabin ba ita yake kallo ba. Hannun dama da ita yake kallo, kamar tafin hannu guda. Ashe mun ɗan karkace."

"Kaɗan ne, Kaka," in ji Yaya. "Irin wanda Malam ya ce babu laifi."

"Na ji abin da Malam ya ce." Ya miƙo hannu na ba shi sandarsa. "Zo ka raka ni."

Ba sai an gaya mini inda za su ba. Maƙabartar tana bayan gari kaɗan, in ka wuce gonar gyaɗar gidan. Mata ba sa zuwa, don haka na tsaya a bakin zaure ina kallonsu. Yaya ya ce ya kawo adaidaita, Kaka ya ƙi. Suka tafi a ƙasa, tsohon yana gaba, farar rigarsa tana ƙanƙancewa a cikin hasken rana har ta shige bayan wata danga.

Na koma na zauna a kan tabarmar, a inuwar da ta fara matsowa. Sandar ta bar shaidarta a ƙasa inda bakinta ya wuce tabarma. Na ɗora ma'aunin a kai don kawai hannuna ya sami abin yi. A ƙarƙashin ashirin da biyu akwai ɗari da hamsin da takwas. Wannan shi ne nisan da wanda ya fuskanci yamma zai juyo, ta hannun damansa, kafin ya sami alƙibla. Wanda yake kallon gabas ɗan motsi kaɗan zai yi. Layin da za su tsaya a kai guda ne. Na yi ta kallon lambobin nan biyu, ɗaya a kan ɗaya.

Tsoro kuma yana raina. Ban taɓa ganin kabarin Inna ba. Ban san yadda masu haƙa suka ja shi ba, ko sun bi sahun na kusa da shi, ko wata saiwa ta sa sun kauce. Lissafina ya tsaya a bakin tabarma. In Kaka ya je ya tarar giginyar tana bayan kafaɗarta, babu abin da casa'in za ta iya yi masa. Na yi wa Inna addu'a, na yi wa masu haƙan da ban sani ba. Wata akuya ta zo ta shinshina tokar Yaya ta yi atishawa ta wuce. A cikin gida ana daka, taɓarya biyu suna amsa wa juna.

Sun daɗe. Sai da inuwa ta rufe tabarmar duka na hango su. Daga tafiyarsu ban gane komai ba, don Kaka a hankali yake tafiya ko da daɗi ko babu. Yaya yana bayansa, kansa a ƙasa. Na miƙe tsaye.

Kaka ya iso, ya zauna a kan tabarmar ba tare da an taimaka masa ba, ya ajiye sandar a gefe. Ƙafafunsa sun yi fari da ƙasa. Ya nemi ruwa, na kawo masa a moɗa, ya sha, ya zuba sauran a tafinsa ya shafe fuska.

"Na tsaya ta bayanta," ya ce, "na duba ta inda take dubawa. Giginyar tana gabanta. Ba saiti ba ne cif, ta ɗan yi wajen ƙafafunta. Amma ba sai ta waiwaya ba."

Na ce alhamdu lillahi. Muryata ta fito ƙarama.

Ya murza gemunsa da ya jiƙe. Sannan gefen bakinsa ya motsa.

"Innarku dama haka take. Duk zaman da muka yi ba ta taɓa kafe ni da ido ba. Ta gefe take kallon mutum, kuma babu abin da yake wuce ta."

Yaya ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara. Ni ma na sunkuyar da kai.

"Kai, mai takalmi a juye," Kaka ya ce masa, "je ka kira birkilan nan kafin ya cinye goron garin. Ka ce ya zo da diga."